Ofishin akanta na Wuse II da aikin fitar da sabon hannun jari: inda suka ƙware da inda suke tuntuɓe

A hawa na biyu na wata filaza da ke Wuse II akwai ƙaramin ofishin akanta da ya ware aiki guda ya sa masa farashi. Idan kamfani zai ƙara jari ta hanyar fitar da sabon hannun jari, su ne za su riƙe lissafin tun daga ranar da aka zartar da ƙuduri har ranar da sunayen sababbin masu hannun jari suka bayyana a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC. Ba za mu kama sunan ofishin ba. Irinsa suna nan birjik daga Garki zuwa Jabi, kuma abin da za mu faɗa a kansa zai yi wa mai kamfani amfani ko wa ya kai wa aikinsa. Abokan hulɗarsu galibi 'yan kasuwarmu ne: masu kayan gini na Dei-Dei, 'yan kwangila, masu makarantun kuɗi a Kubwa da Gwarimpa, sai kuma 'yan canjin Zone 4, waɗanda Babban Banki ya ɗaga wa mafi ƙarancin jari a 2024 zuwa naira biliyan 2 ga rukunin farko da miliyan 500 ga na biyu.

Abin da ya sa aikinsu ya cancanci kuɗinsa guda ne. Suna tabbatar da cewa wurare uku sun faɗi magana ɗaya: takardar banki, littafin asusun kamfani, da rajistar CAC. Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin 'yan'uwa ko abokan kasuwanci bayan shekaru, daga saɓanin waɗannan ukun take fitowa. Banki ya nuna Alhaji ya zuba miliyan 20, littafi ya kira kuɗin bashi, CAC kuma ba ta ma san da sunansa ba. A nan ofishin ya yi zarra. Amma akwai wurare uku ko huɗu da hannunsu ke rawa, kuma ba ƙananan wurare ba ne.

Kafin su ɗora alƙalami a kan komai, sai sun ciro rahoton matsayin kamfanin daga shafin CAC, sun karɓi kundin kafa kamfani da dokokinsa na cikin gida, da rajistar masu hannun jari, da asusun shekarar da ta gabata. Wasu masu kamfani na jin wannan ɓata lokaci ne. Ba haka ba ne. A ƙarƙashin tsohuwar dokar kamfanoni ta 1990, mutum na iya yi wa kamfani rajista da hannun jari miliyan 10 ya raba kashi ɗaya cikin huɗu kacal, sauran ya ajiye sai ranar da ya ga dama. Sabuwar dokar kamfanoni, CAMA ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agustan shekarar, ta rushe wannan tsari. Yanzu jarin kamfani shi ne abin da aka raba wa mutane a zahiri, mafi ƙarancinsa naira 100,000 ga kamfani mai zaman kansa, miliyan 2 ga kamfanin jama'a. An ba tsofaffin kamfanoni wa'adi su raba ragowar, aka ƙara shi har zuwa 31 ga Disamba 2022. Har gobe ana samun Alhajin da zai zo yana cewa ai yana da sauran hannun jari a ajiye da zai yankar wa surukinsa. Ofishin nan ba ya biye masa. Suna nuna masa rahoton, su gaya masa sabon ƙari za a yi daga tushe, da ƙuduri da kuɗin gwamnati da komai.

Sai maganar farashi, inda muka ga sun fi yawancin takwarorinsu natsuwa. A ɗauki kamfanin kayan gini mai hannun jari miliyan 10, kowane ɗaya ƙimarsa ta asali naira 1. Shekaru sun tafi, an tara riba, an sayi tirela da sito, yanzu idan an cire bashi daga kadara abin da ya rage naira miliyan 40 ne. Ke nan kowane hannun jari yana tsaye a kan naira 4. Ana so a shigo da sababbin mutane da hannun jari miliyan 5. Wanda bai sani ba zai ce ai naira 1 aka rubuta, a sayar naira 1. Idan aka yi haka, sababbin sun zuba miliyan 5, dukiyar ta zama miliyan 45, an raba ta gida miliyan 15, kowane hannun jari ya faɗo naira 3. Wanda ya shigo jiya da miliyan 5 ya wayi gari da kason miliyan 15, tsofaffin kuma an zare musu miliyan 10 daga aljihu ba tare da kowa ya ga fitarta ba. Idan aka sayar naira 4, miliyan 20 ta shigo, dukiya miliyan 60 a kan hannun jari miliyan 15, kowa yana nan a kan naira 4 ɗinsa. Ofishin kan buga wannan lissafi a shafi guda, gefe da gefe, su ajiye a gaban daraktoci kafin a zauna taro. Ba sa tilasta farashi, don masu kamfani ne ke yankewa, kuma uba na iya so ya rangwanta wa ɗansa da gangan. Sai dai ya yi rangwamen idonsa a buɗe. Ƙasa da naira 1 ɗin asali kuwa babu hanya, domin dokar 2020 ta haramta fitar da hannun jari ƙasa da ƙimarsa ta asali.

A shafin nan dai suna ƙara layi guda mai muhimmanci: kason kowa kafin ƙari da bayansa. Mai hannun jari miliyan 3 cikin 10 yana da kashi 30. Idan bai sayi komai a sabon ba, ya koma kashi 20. Ƙuduri na musamman, irin wanda ake canja dokokin kamfani ko sunansa da shi, yana buƙatar kashi uku cikin huɗu na ƙuri'u. Da kashi 30 mutum na iya tare shi shi kaɗai, da kashi 20 ba zai iya ba. Shi ya sa doka ta ce a kamfani mai zaman kansa sai an fara yi wa 'yan gida tayi gwargwadon kasonsu, kuma gyaran da dokar sauƙaƙa kasuwanci ta 2023 ta yi ya ba su kwana 21 su amsa. Ofishin na rubuta takardar tayin, kuma wanda ba ya so sai ya sa hannu cewa ya yafe. Cewar "ai mun yi magana da shi a waya" ba ta shiga fayil ɗinsu. Sun yi daidai.

Shigar da kuɗin a littafi, idan an biya gaba ɗaya, ba shi da wahala, amma nan ma ana kwafsawa. Asusun banki ya ɗauki debit, wato shigarwar ɓangaren hagu na littafi, na miliyan 20. Asusun jarin hannun jari ya ɗauki kiredit, shigarwar ɓangaren dama, na miliyan 5, wato ƙimar asali. Ragowar miliyan 15 ta tafi wani asusu dabam, asusun rarar farashi. Masu riƙe littafi da ba su goge ba kan zuba miliyan 20 ɗin duka a jarin hannun jari, sai littafi ya ce jari miliyan 30, CAC ta ce miliyan 15. Wasu kuma, mafi muni, su ɗauki rarar a matsayin ribar ciniki, a biya mata haraji a banza, ko a raba ta a ƙarshen shekara. Rarar farashi jari ce, ba a raba ta a matsayin riba. Doka ta ƙayyade abin da za a taɓa ta dominsa: a biya hannun jarin kyauta da ita, a share kuɗin kafa kamfani, a share kuɗin da fitar da hannun jarin ya ci, ko a biya ƙarin da ke kan hannun jarin da za a fanso. Bambancin ya shafi aljihu ma. Harajin hatimi na kashi 0.75 cikin ɗari a kan ƙimar asali ake lissafa shi: naira 37,500 a kan miliyan 5. Da an fitar da hannun jari miliyan 20 a kan naira 1, da 150,000 za a biya.

Wanda ke shakkar nauyin waɗannan asusu biyu ya tuna umarnin Babban Banki na Maris 2024 ga bankuna. Da aka ce mai lasisin ƙasa da ƙasa ya kai naira biliyan 500, na ƙasa biliyan 200, na yanki biliyan 50, jarin da aka biya da rarar farashi kawai aka yarda a ƙirga. Ribar da aka tara, komai yawanta, ba ta shiga ba. Shi ya sa bankuna suka bazama sayar da hannun jarin da ƙimarsa ta asali kwabo 50 ce a kan farashin da ya ninka haka sau da yawa.

Inda muka fi yaba musu shi ne kuɗin da ke shigowa kafin a raba hannun jari. A Abuja haka aka saba: an yi magana a majalisa bayan isha'i, washegari mutum ya tura miliyan 8 ta waya, bai rubuta komai a bayanin turawar ba, takardu kuma sai bayan wata huɗu. Ofishin ba ya barin kuɗin nan ya shiga jari ranar da ya iso, kuma ba ya barin ya ɓace cikin kuɗin ciniki. Suna buɗe masa asusu na kafin alƙalamin hannun jari, su sa mai kuɗin ya sa hannu a takardar nema mai kwanan wata, adadin hannun jari da farashi. Tambayar da suke yi ita ce wadda IFRS ta ƙananan kamfanoni, wato ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya, ke yi: shin mai kuɗin na da ikon cewa a mayar masa? In yana da shi, bashi ne a kan kamfani har ranar rabo. In ba shi da shi, a nuna shi a ɓangaren jari, a layinsa na kansa. Amfanin wannan yana fitowa ranar da jami'an haraji suka zo suna bin takardar banki layi-layi. Duk shigar kuɗin da ba ta da takarda, cewa za su yi ciniki ne, kai kuma ka kawo hujjar cewa ba haka ba ne.

Biya kashi-kashi ya fi cin lokaci, kuma yawancin masu riƙe littafi rabonsu da shi tun jarrabawar ƙungiyoyin akantoci, ICAN ko ANAN. A misalinmu, a ce naira 4 ɗin za a biya ta sau uku: naira 2 lokacin nema, wadda kwabo 50 a ciki na asali ne, naira 1.50 rara, sai naira 1.50 lokacin rabo, duka rara. Sai kwabo 50 na ƙarshe ranar da daraktoci suka kira ciko. Miliyan 10, miliyan 7.5, miliyan 2.5. Idan 'yan'uwa da abokai suka nemi miliyan 6 maimakon 5, miliyan 12 ce za ta shigo asusun nema. Ko dai a ba kowa biyar cikin shida na abin da ya nema a tura ƙarin miliyan 2 da ya shigo ya rage masa biyan rabo, ko a mayar wa wasu kuɗinsu. Ofishin na yin jadawali mai suna-suna: abin da ka nema, abin da aka ba ka, abin da ka biya, abin da ya rage a kanka. Asusun nema da na rabo dole su koma sifiri idan an gama. In ko naira ɗaya ta maƙale, ba sa rufe fayil.

To, sai a samu wanda ya kasa cikawa. Mai hannun jari 400,000 ya biya naira 3.50 a kan kowane, miliyan 1.4 ke nan, aka kira kwabo 50 na ƙarshe ya yi shiru. Naira 200,000 ke kansa. Doka ta yarda a ƙwace hannun jarin, amma sai an aika masa sanarwa a rubuce, an ba shi aƙalla kwana 14, an faɗa masa ƙarara cewa in bai biya ba zai rasa, sannan daraktoci su zartar da ƙuduri. A littafi, jarin hannun jari ya ɗauki debit na 400,000, asusun cikon da ba a biya ba ya ɗauki kiredit na 200,000 ya rufe, sauran 200,000 ta tafi asusun hannun jarin da aka ƙwace. Rarar miliyan 1.2 da ya riga ya biya tana nan inda take. In an sake sayar wa wani a kan naira 3, miliyan 1.2 ta shigo banki, 400,000 ta koma jari, 800,000 ta shiga rara, 200,000 ɗin can ma a kwashe ta a haɗa da ajiyar jari. Lissafinsu a nan babu tangarɗa. Kuma sukan ba da shawarar da ba ta cikin littafi, wadda muke goyon baya: a kamfanin dangi, mutum ya yi asarar miliyan 1.4 saboda 200,000 abu ne da zumunci ba ya ɗauka. Gara a ba shi dama ya sayar wa wani ɗan gida wani ɓangare ya cike da kuɗin.

Amma a wannan gaɓar ce kuskurensu na farko yake. Cikon da ba a biya ba, kafin a kai ga ƙwacewa, suna jera shi cikin kadara tare da bashin da ake bin abokan ciniki. Sashe na 22 na IFRS ta ƙananan kamfanoni ya ce a cire shi ne daga ɓangaren jari, kada a nuna shi a matsayin kadara. A kan 200,000 ba wanda zai ɗaga gira. Amma kamfanin da ya yi rajistar jarin miliyan 100 don neman kwangila, aka biya 25 kawai, idan aka sa miliyan 75 cikin kadara, takardar ta nuna ƙarfin da babu shi. Banki mai ba da rance ko odita mai ido zai gano, kuma daga nan ya daina yarda da sauran shafukan.

Na biyu shi ne kuɗin da aikin kansa ya ci. Lauya, harajin hatimi, kuɗin CAC, ladan ofishin na wannan aiki, a ce duka sun kama naira 600,000. Sun saba watsa su cikin kuɗin gudanarwa na shekara. IAS 32, wata ƙa'idar lissafin ta duniya, da sashe na 22 duk sun ce kuɗin da ba don fitar da hannun jarin ba da ba a kashe shi ba, daga jari ake cire shi kai tsaye. Wato rarar farashi ta ɗauki debit na 600,000 ta koma miliyan 14.4, ribar shekara kuma ba a taɓa ta ba. Yadda suke yi yana rage riba a takarda ba gaira ba dalili, sannan hukumar haraji za ta mayar da kuɗin cikin ribar da za a biya wa haraji, tunda kashewa ce ta jari. Idan an nuna musu suna gyarawa ba gardama, amma bai kamata sai mai kamfani ya nuna ba, tunda don bai sani ba ya zo.

Kan wa'adin CAC ba mu da ƙorafi. Sanarwar ƙarin jari kwana 15 ce daga ranar ƙuduri. Rahoton rabo a da wata guda ne, gyaran 2023 ya mayar da shi kwana 15. Ƙarin ba ya fara aiki sai an biya aƙalla kashi 25 na jarin duka har da sabon, miliyan 3.75 a misalinmu, kuma daraktoci sun yi rantsuwa a rubuce a kan haka. Satifiket ɗin hannun jari cikin wata biyu da rabo. Duk wanda kasonsa ya kai kashi 5 sai an shigar da shi cikin masu faɗa a ji a kamfanin, da lambarsa ta NIN. Ofishin na da allo a bango da waɗannan ranaku na kowane fayil, kuma tun da aikin ya koma intanet ba sai an yi ta zarya zuwa hedikwatar hukumar a Maitama ba. Abin da ya fi jawo a dawo da takarda shi ne suna: NIN ta ce Muhammad, takardar nema ta ce Mohammed, tsohuwar rajista ta ce Moh'd. Suna tantance wannan tun ranar farko, kuma wannan kaɗai na rage makonni.

Kuskure na uku ya fi sauran tsada, kuma ya shafi Abuja musamman. Mutane da yawa ba da kuɗi suke biyan hannun jari ba, da fili ne ko mota ko injin. Shigarwar a sauƙaƙe take: fili na miliyan 12 ya ɗauki debit, jari ya ɗauki miliyan 3, rara miliyan 9, idan an ba mai filin hannun jari miliyan 3 a kan naira 4. Tambayar ita ce wa ya ce miliyan 12 ne. Kamfanin jama'a doka ta wajabta masa kiran mai ƙiyasi mai zaman kansa. Ofishin nan, da yake abokan hulɗarsu masu zaman kansu ne, sukan karɓi adadin da daraktoci suka amince da shi su wuce. Idan mai filin shi ne shugaban daraktocin, kowa ya san yadda amincewar ke kasancewa. Fili na miliyan 7 da aka shigar a miliyan 12 daidai yake da an ba mutum hannun jarin naira miliyan 5 kyauta daga kason sauran. Sannan ga takarda. A babban birnin tarayya Minista ne ke da ikon ba da fili, kuma sauya mallaka na buƙatar amincewarsa a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978. Filin Lugbe ko Kuje mai takardar ƙaramar hukuma da ba a daidaita ta a AGIS, ofishin bayanan filaye na Abuja, ba, ko wanda har yanzu sunan mutumin ne a kai ba na kamfani ba, kadara ce da ke iya zama iska da safe ɗaya, alhali hannun jarin da aka bayar a madadinta yana nan daram. Suna haɗa yarjejeniyar da rahoton rabo kamar yadda doka ta nema, amma ba sa neman rahoton bincike daga AGIS, suna cewa aikin lauya ne. Gaskiya ne aikin lauya ne. Amma akantan da zai rubuta miliyan 12 a littafi ya kamata ya ƙi rubutawa sai ya ga takardar.

Mayar da bashin darakta hannun jari kuwa suna yin sa da kyau. Maigida ya shekara biyar yana zuba wa kamfani kuɗi daga aljihunsa, yana kuma ɗiba idan hidimar gida ta taso. Kafin su mayar da ko kwabo, sai sun bi takardun banki sun fitar da abin da ya shiga da abin da ya fita, abin da ya rage shi ne bashin gaskiya. Sau da yawa adadin da ke bakin maigida ya ninka wanda takarda ta nuna, kuma suna da ladabin faɗa masa ba tare da ya ji an ƙaryata shi ba: "Ranka ya daɗe, wanda muka samu shaidarsa ke nan, in akwai wasu rasiɗai a kawo mu ƙara." Daga nan asusun bashin ya ɗauki debit, jari da rara su ɗauki kiredit. Hannun jarin kyauta ma haka: ɗaya a kan kowane biyar cikin miliyan 15 miliyan 3 ne, a ɗebo daga rara ko ribar da aka tara a zuba a jari. Ko sisi bai shigo ba, kason kowa bai canja ba, amma sai an kai CAC an biya harajin hatimi na 22,500.

Idan mai zuba jarin daga waje yake, ko ɗan gida ne da ke Saudiyya ko Ingila zai turo dala, a yi hattara. Sun san cewa ana shigar da kuɗin a kan canjin ranar da ya iso kuma ba a sake juya shi a ƙarshen shekara: dala 10,000 da ta shigo ana canji naira 1,500 miliyan 15 ce har abada, ko dala ta tashi ko ta faɗi. Abin da ba sa tunatarwa da wuri shi ne takardar shaidar shigo da jari, CCI, wadda banki ke bayarwa lokacin da kuɗin ya shigo ta hannunsa. Wanda ya bi ta wajen ɗan canji aka zuba masa naira a asusun kamfani ba shi da ita, kuma ranar da zai fitar da ribarsa ko jarinsa ta hanyar banki zai nemi ta. Shigowar baƙo kuma na fitar da kamfani daga rukunin ƙananan kamfanoni, waɗanda cinikinsu bai wuce miliyan 120 ba kuma dukiyarsu bayan cire bashi ba ta wuce miliyan 60 ba, sai ɗaukar odita da sakataren kamfani su zama dole. Ko ba baƙo, misalinmu na miliyan 60 yana kan iyakar cif.

Hannun jari mai fifiko, wanda ake yanka wa riba tsayayya kuma kamfani ya ɗau alkawarin fansarsa a rana kaza, sun san IAS 32 bashi take ɗaukarsa ba jari ba, ribarsa kuma kuɗin ruwa ce a littafi. Ba kasafai ake neman sa a wajensu ba, don malamai da yawa ba su yarda da fifita wani mai jari a kan wani wajen riba ba.

Mu'amalarsu ba laifi. Akwai mai jin Hausa sosai a cikinsu, yana iya warware wa dattijo bambancin jari da rara ba tare da ya sa Turanci ba. Ladansu tsayayye ne, ana faɗa tun farko, kuma a ware yake da kuɗin gwamnati, wanda suke ba da rasit ɗin Remita na kowane. Wannan ya raba su da 'yan kan hanya masu dunƙule komai a adadi guda. Takardu ta WhatsApp suke karɓa, abin da ke da sauƙi amma yana sa hoton katin shaidar mutane yawo a wayoyin ma'aikata. Wurin ajiye mota a filazar wahala ne daga ƙarfe goma sha ɗaya. Kamfanin jama'a da zai yi wa kowa da kowa tayi ba wurinsa ba ne nan, wannan aikin SEC ne, hukumar kula da kasuwar hannun jari, da gidajen fitar da hannun jari masu lasisi, kuma ofishin ma ba ya karɓa. Kamfani mai zaman kansa dama ba a yarda ya tallata wa jama'a ba, kuma masu hannun jarinsa ba sa wuce 50.

Ranar karɓar fayil, kada a tashi sai an ga ƙudurin da sa hannu, takardun tayi da na yafewa, jadawalin rabo, shigarwar littafi da takardar banki maƙale da kowace, rasit ɗin harajin hatimi, rajistar masu hannun jari da aka sabunta, da sabon rahoton matsayi daga CAC. A ɗora adadin jarin da ke rahoton kusa da na littafi a gani da ido ko sun zo ɗaya. A kuma duba imel da lambar wayar da ke kan bayanan kamfanin a shafin hukumar. Sukan sa nasu don saurin aiki su manta ba su cire ba, sai duk sanarwar da CAC za ta aiko nan gaba ta riƙa sauka a Wuse II maimakon wajen mai kamfani. A sa su mayar da na kamfanin kafin a biya cikon ladan.